Nitson Da Na Ɓoye Wa Yaya Iliyasu

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗuna, ya mayar mini da ƙafafuna, ko da yake ta hagun har yanzu sai na lallaɓa ta. Waɗanda suka ce in rubuta labarin jinyata suna tsammanin labarin haƙuri za su karanta. Akwai haƙuri a ciki, amma ba nawa ba ne. Kasona abin kunya ne, kuma saboda shi na zauna rubutun nan, ko wani mai irin sana'ata zai karanta ya shiga taitayinsa.

Sunana Sha'aibu, mutumin Yauri ne ni, daga gidan Sarkawa masunta. Ban san ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban san ranar da na koyi tafiya ba. Aikina a Doha nitso ne. Manyan jiragen da ke aikin mai da gas a teku suna da wasu farfeloli a ƙarƙashinsu, kowace a cikin ƙaton zobe na ƙarfe, tana juyawa ta kowace fuska don ta riƙe jirgin wuri ɗaya komai ƙarfin iska. Tirosta muke ce mata, kuma guda ɗaya ta fi tirela nauyi. In ta lalace ba a son fitar da jirgi kan tudu, sai a kira mu. Mu ne za mu shiga ƙarƙashinsa mu maƙala mata wayoyin ƙarfe, na cikin jirgi su kwance notuna, a sassauto ta a hankali, a jawo ta gefe winci ya ɗaga. In an gyara ta, mu ne kuma za mu koma mu saita bakinta ya shiga gurbinsa. A nan wurin saitawar ba ni da na biyu a rukuninmu, kuma na san haka, har ma na fi kowa sani.

Ga abin da wanda ba mai nitso ba ya kamata ya gane. In ka daɗe a ƙasan ruwa, iskar da kake shaƙa tana narkewa a jininka. In ka hau da gaggawa sai ta taso ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemon da aka girgiza. Shi ya sa ba kai ne kake fitar da kanka ba. Akwai sufabaiza a sama, da agogo da wata takardar lissafi da muke kira tebur, shi zai ce maka hau nan, tsaya minti kaza, ƙara hawa, sake tsayawa. Amma teburin yana ɗauka cewa ka shiga ruwa da jini wankakke. In ka riga ka yi wani nitso a ranar, akwai sauran iska a jikinka, lissafin duk ya canza.

Sufabaizanmu Yaya Iliyasu ne, mutumin Bauchi, tsohon sojan ruwa. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba, amma shi ya koya mini aikin nan tun a Fatakwal, shi ya yi mini hanyar Doha, matarsa Anti Maryam ce ta je ta taro matata Rabi a filin jirgi. Layi biyu ne tsakanin gidanmu da nasu a unguwar Old Airport. Sarkin Ruwa yake kirana, don tsokana, ni kuwa sunan ya shiga kaina ya zauna. Kafin kowa ya sa hular nitso sai ya tambaye shi ko ya shiga ruwa tun jiya. Sauran yana tambayarsu da Turanci, ni kuma sai ya maimaita da Hausa yana kallon tsakiyar idona. Nakan ce, "Na shiga, Yaya, a banɗaki." Ya ce, "Ɗan banza, sa hannu a nan."

Wata Asabar ce, ina jiran kira, an ce aiki sai Lahadi. Ina da aboki, Nura, direba ne a wata gona a Umm Salal. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, dattijo ne mai sha'awar kamun kifi, yana da ɗan jirginsa da tarkunan waya da suke kira gargur, irin gurar da muke sawa a kogi. Igiyar tarkunan ta tsinke, suna can ƙasa cike da kifi. Nura ya riga ya cika baki cewa yana da abokin da a ruwa aka haife shi. Wallahi ba kuɗi ne suka kai ni ba, da ma kuɗi ne da na sami abin faɗa. Yabo na je nema. Da asuba muka fita, na goya tulun iska na shiga sau biyu, zurfin ya haura mita ashirin, na ɗaura musu igiya. Dattijon ya rungume ni yana ta masha Allah, ya ba ni manyan kifin hamur guda biyu. Na dawo gida da hantsi ina tafiya ina buɗa kafaɗa, na miƙa wa Rabi kifi da jiƙaƙƙun kayana.

Ko zama ban yi ba waya ta yi ƙara. Yaya Iliyasu ne. Ya ce an ce iska za ta taso gobe, masu jirgi suna so a mayar da tirostar yau. "Yalla, Sarkin Ruwa, sha biyu a tasha."

A kan jirgin aiki ya zo kaina da takardarsa. "Ka shiga ruwa tun jiya?"

Da na ce e, abokin aikina Joseph za a saka, ni in tsaya a sama in riƙe tiyon iska kamar sabon shiga. Sannan kamfani ya hana nitson waje, kuma Yaya zai dube ni da wannan kallon nasa. Duk wannan ya gilma mini a cikin daƙiƙa ɗaya. Na ce, "Ban shiga ba, Yaya." Ko wasan banɗakin ban iya yi ba. Na sa hannu.

Aikin ya yi kyau, abin haushi. Na saita ta, ta shige gurbinta tsaf, na ji ihun na cikin jirgi ta wayar hulata. Yaya ya hau da ni yadda teburinsa ya ce, tsayuwa bayan tsayuwa, bai rage mini ko daƙiƙa ba. Kamar awa ɗaya da fitowata cikina ya fara ƙaiƙayi. Na ɗaga riga na ga jajayen tabbai, kafaɗata ta dama kuma tana wani nuƙurƙusa can cikin ƙashi. Na san ko mene ne, an koya mana, ni ma na koya wa wasu. Cemba, wato ɗakin ƙarfen da ake saka mai nitso a matse shi da iska kumfar ta narke, tana nan a kan jirgin, taku goma daga inda nake zaune. Amma in na shiga cemba za a yi tambaya, in aka yi tambaya asirina zai tonu. Yaya ya zo ya dafa ni ya ce, "Jiki fa?" Na ce, "Garau." Na sauke rigata.

Da magariba na iso gida, Rabi ta soya ɗaya daga cikin kifin. Ta ga ina cije baki, ta ce, "Baban Amira, sanyi ne ya kama ka, kullum kana cikin ruwa." Ta dafa ruwa ta gasa mini kafaɗa da baya da tawul, ta mulke ni da man zafi. Ba abin da ke hura kumfar nan kamar ruwan zafi. Ita ba ta sani ba, ni na sani, amma na kwanta na miƙa mata baya ina gaya wa kaina wataƙila sanyin ne.

A sallar asuba na yi sujada na kasa ɗagowa. Ƙafafuna suna nan ina ganinsu, amma kamar na wani ne aka ajiye a gabana. Fitsari ya cika mini mara ya ƙi fita. Rabi ba motar asibiti ta fara kira ba, Yaya Iliyasu ta kira. Ya shigo da jallabiya da silifas wari daban-daban, ya ɗauki makullin motarsa ya soka mini a tafin ƙafa. Ban ji komai ba. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Shi ya kira motar asibiti, shi ya gaya musu mai nitso ne, a kai shi inda ake da cemba.

Makon farko a cikin ƙarfen nan na yi shi. Rana ta farko na yi awanni a ciki da abin shaƙar oksijin a fuska, kunnuwa suna toshewa, ga zafi, ga wani nas ɗan Filifin da aka rufe mu tare yana ta ba ni labarin 'ya'yansa don kada in yi barci. Allah ya saka masa, ban ma riƙe sunansa ba. Da aka fito da ni likitan ya tsaya a kaina, Yaya yana daga ƙafar gado riƙe da takardar nitson jiya. Likita ya duba ta sama da ƙasa ya ce bai ga kuskure ba. Ya juyo ya tambaye ni ko na yi wani nitso ban da wannan. Na ce a'a. Ya sake tambaya. Na dubi Yaya, na ga idonsa ya yi ja, na ce a'a. Likitan ya ce wani lokaci hakan yana faruwa ko an bi ƙa'ida, amma mai tsanani irin wannan ba kasafai ba. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kaina: "Tebur yana lissafa abin da aka gaya masa ne kawai." Ya ƙara da cewa daren da na kwana a gida shi ya ci mini ƙafa, da tun a jirgi aka saka ni cemba da yanzu ina tafiya.

An sa mini robar fitsari. Ni, Sarkin Ruwa, da jakar fitsari a rataye a gefen gado. Ban yarda nas mace ta wanke ni ba, Rabi kuma ga goyon Amira, ba a barin ta ta daɗe. Yaya Iliyasu ne ya nannaɗe hannun riga. Shi yake juya ni, shi yake goge mini jiki, shi yake riƙe mini buta in yi alwala. In ya zo ɗaukar jakar fitsari sai ya riƙa yi mini hirar ƙwallo don kada in ji kunya. Kullum da safe yana nan da kular Anti Maryam, kunun gyaɗa ko farfesu. Na tambaye shi aiki fa, ya ce an ba shi hutu.

Sai ƙarshen makon Rabi ta gaya mini irin hutun. Kamfani ya dakatar da shi. Kyamarar da ke hular nitso tana nuna aiki ne, ba ta nuna zurfi, zurfi da lokaci shi yake karantawa ya rubuta da hannunsa. Tunda takarda ta ce komai daidai ne ga kuma mutum a kwance, sai suka fara zargin ko ya rubuta abin da ya kamata ne, ba abin da ya faru ba. Za a zauna bincike in na sami ƙarfin yin magana. In aka same shi da laifi takardar shaidarsa ta sufabaiza ta tafi, aiki ya tafi, iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ta bi bayansa, ga babbar 'yarsa a ajin ƙarshe na sakandare. Na ji wannan duka. Na juya fuskata bango na ce wa Rabi barci nake ji.

Mako na biyu na masu ba da shawara ne. Kawuna ya bugo daga gida ya ce a yi mini ƙaho a gadon baya, jini ne ya daskare. Wani maigadi ɗan Katsina da muke salla tare ya kawo man habbatussauda da zuma daga kasuwar Souq Waqif, ya ce in sha in shafa, kuma in daina shiga wannan tankin na Turawa. Wani ya ce sammu ne, wa ya ga Bahaushe yana cin albashin mai nitso. Innata kuwa cewa ta yi na shiga ruwan mutane ban yi musu sallama ba, ruwan gishiri ma da masu shi. Ta haɗa garin magani ta ba wani mai zuwa, har yau yana cikin kwaba. Kafin ta ajiye waya ta ce, "Sha'aibu, ka duba ko akwai wanda ka ɗauki alhakinsa, ka roƙe shi gafara." Na ce, "Babu, Inna." Ƙarya dai ta riga ta saba da bakina.

Nura ma ya zo, da jarkar nonon raƙumi daga gona. Ya jira Yaya ya fita salla sannan ya sunkuyo ya ce, "Don girman Allah kada sunan kafil ɗina ya fito, wallahi kora ta zai yi." Maimakon in ji haushi, daɗi na ji. Na sami wanda zan ce dominsa na yi shiru.

A cikin makon ne babban yatsan ƙafata ta dama ya motsa. Yaya ne ya fara gani. Dattijon nan ya fita da gudu yana kiran nas kamar an yi masa haihuwa, ya dawo ya yi sujada a kan tayil ɗin asibiti.

Mako na uku aka cire robar fitsari, aka sallame ni da keken marasa lafiya da takardar zuwa gashin ƙashi sau uku a mako. Kada in yi butulci, masu gashin sun san aikinsu, kuma inshorar kamfani ce take biya tunda an rubuta haɗarin aiki ne, wanda shi ma wani abin kunyar ne na daban. Amma layi! A ba ka ƙarfe takwas, ka ja lamba, ka zauna har sha ɗaya, a ce mai duba ka an kira shi wani ɗaki. Sau biyu muna zuwa ana cewa an ɗage, wai an turo saƙo, saƙon kuwa sai mun koma gida yake shigowa. Wurin ajiye mota sai an yi ta zagaye a cikin rana. Abin da inshora ba ta sani ba, man mota da ɓata yini da kayan shimfiɗa, duk a wuyan mutumin da aka rage wa albashi saboda ni suka faɗa. Gidanmu a hawa na biyu yake kuma babu lif. Yaya Iliyasu, mai shekara hamsin da ɗoriya, shi yake durƙusawa in hau bayansa, ya hau da ni yana nishi, ya sauko ya ɗauko keken.

A layin nan ne na fi shan azaba, ba a hannun masu gashi ba. Da mun zauna sai ya zaro wata takarda daga aljihu, kwafin lissafin ranar, duk ta yi laushi don ninkewa. Ya ɗora a gwiwa ya yi ta bi da biro yana motsa baki. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Wata rana ya ce, "Sarkin Ruwa, a tsayuwa ta biyu, ka ji kamar na ɗago ka da wuri?"

Na ce, "Ban tuna ba, Yaya."

Na tuna sarai. Har kifin da ya zo ya tsaya a gaban gilashin hulata a tsayuwar nan na tuna.

Ya ce, "Na bi ta ya fi sau ɗari ban ga inda na kuskure ba. Amma ga ka a keke. Wataƙila idona ne ya karanta agogo ba daidai ba, tsufa ya fara zuwa." Ya kama hannuna da hannu biyu a gaban mutane. "Ni na kawo ka ƙasar nan. Ka yafe mini, don Allah."

Jama'a, ku ji abin da na ce. Na ce, "Ba komai, Yaya, na yafe." Na yafe wa mutumin da bai yi mini komai ba, ya kuwa yi mini godiya. Da aka kira lambata na ji daɗi, don a ɗakin gashi in mutum ya yi hawaye ana ɗauka zafi ne.

Duk wannan lokacin ban lura da Rabi ba. Ta daina cin abinci tare da ni, ta daina hira, in ta gama yi mini abin da zan buƙata sai ta koma wurin Amira. Na ɗauka gajiya ce. Ashe tun muna asibiti wani likita ɗan Zariya, wanda ba ma sashensa ba ne, ya ji Hausa a baranda ya tsaya ya yi mata bayanin ciwon dalla-dalla. Shi ya gaya mata illar ruwan zafi, ta yi ta kuka tana cewa ita ta gurgunta mijinta. Shi ya kuma gaya mata cewa nitso biyu a rana ɗaya ba a gaya wa sufabaiza ba yana kawo haka. Ita ce ta ɗauraye kayana masu gishiri da hantsin ranar. Ita ta soya kifin.

A mako na huɗu, ana saura kwana uku a zauna bincike, ina zaune a falo ina motsa ƙafa da robar da aka ba ni, sai ta shigo da tire ta ajiye a gabana. Ɗaya hamur ɗin ne, daskararre, ƙanƙara ta rufe masa ido.

Ta ce, "Baban Amira, kifin nan ya isa haka a firji. Ko in dafa wa Yaya Iliyasu ya ci, ko ka gaya masa inda ya fito. Zaɓi ɗaya."

Na fara kame-kame, na kawo maganar Nura da kafil ɗinsa. Ta ce, "Wa ya ce ka kira sunan wani? Naka sunan kawai ake nema." Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tun da muka yi aure, ranar ma ba ta ɗaga ba. "Jiya na je gidansu, Anti Maryam tana tambayar masu jigilar kaya nawa ne kwali zuwa Bauchi. Ta ba ni labulenta, ta ce ba za su shiga kaya ba. Na karɓa, Baban Amira. Na karɓa na yi godiya, saboda ina rufa maka asiri. Ni ma ka mayar da ni irinka. Laifin ruwan zafi na ɗauka, nawa ne. Wannan kuwa ba zan taya ka ɗauka ba."

Ta bar tiren a wurin. Ƙanƙarar ta narke ta jiƙa kafet, ba ta zo ta ɗauke ba, ni kuma ba ni da ƙafar da zan kai shi kicin.

Washegari bayan gashi, Yaya ya saka ni a mota ya naɗe keken ya sa a but. Kafin ya ja na ce, "Yaya, tsaya. Ranar nan na shiga ruwa da safe."

Bai juyo ba. Hannunsa yana kan giyar mota.

Na gaya masa komai, ban da sunan mai jirgin. Tarkuna, tulun iska, kifi biyu, ƙaiƙayin da na ɓoye a ƙarƙashin riga, cembar da na zauna ina kallo. Na jira zagi, wallahi da ya mare ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya zaro takardar nan da biro.

"Mita nawa?"

Na faɗa.

"Minti nawa a na farko? Na biyun fa? Ƙarfe nawa ka fito?"

Na faɗa. Ya buɗe teburin a wayarsa ya yi ta bi da yatsa, yana rubutu a bayan takardar a kan sitiyari. Wani mai neman wurin ajiye mota ya tsaya a bayanmu yana ta hon, bai ko ɗago ba. Da ya gama ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta, sannan a hankali ya ce, "Ashe lissafina daidai ne." Ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Mutumin da ya yi aikin soja shekara da shekaru, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da ya ɗago ya share fuska da hularsa ya ce, "Ka san abin da zan yi da ka gaya mini? Joseph zai shiga, kai ka riƙe tiyo. Khalas. A mota in yi maka faɗa, mu tsaya a hanya mu sha shayi. Iyakarta ke nan fa."

Muka iso Old Airport. A gindin bene ya fito da keken, ya zagayo, ya durƙusa ya ba ni baya kamar kullum. Na ce, "Yaya, bari in gwada da ƙarfen bene." Ya ce, "Hau, Sha'aibu."

A wurin bincike na maimaita abin da na gaya masa, aka rubuta na sa hannu, wannan karon a kan gaskiya. An mayar da shi aikinsa, 'yarsa ta gama makarantarta, Rabi ta mayar wa Anti Maryam labulenta. Ni kuma kamfani ya sallame ni, inshora ta janye hannunta daga sauran gashin, likita ya ce ni da nitso har abada. Na yi wata huɗu kafin in ajiye sanda. Yanzu ina tsaron sito a wani kamfanin kayan jiragen ruwa, ina miƙa wa masu nitso irin notunan da a da nake gani a ƙasan teku. Yaya Iliyasu ne ya yi mini magana aka ɗauke ni, ban roƙe shi ba, kuma bai taɓa ambata ba.

Kai mai nitso, in sufabaiza ya tambaye ka, gaya masa. In ka fito jikinka yana ƙaiƙayi ko gaɓa tana ciwo, ba sanyi ba ne, kada a dafa maka ruwa, ka yi magana tun cemba tana kusa. Ni ƙafa na biya, kuma ba ita ce ta fi yi mini ciwo ba.

Joseph ya ce mini yanzu Yaya sau biyu yake yi wa kowa tambayar, in an amsa kuma sai ya ƙara tsayawa yana kallon mutum. Ni na sa masa wannan. Har gobe yana zuwa gidanmu ranar Juma'a bayan masallaci, ya ɗauki Amira ya cilla ta sama, ya ci tuwon Rabi, ya tambaye ni ƙafa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Shekara guda ke nan ina kasa kunne ko zai manta ya kira ni da tsohon sunan. Sha'aibu yake ce mini.